Zazzaɓin da Ba a Raɗa wa Suna Ba



A layinmu, nan Unguwar Shanu a Kaduna, akwai wani dattijo tela, shekarunsa sun haura sittin. Wata damina, ana tsakiyar marka, zazzaɓi ya kama shi. Iyalinsa suka yi abin da kowannenmu yake yi, aka aiki yaro kemis ya sayo maganin maleriya. Kwana uku yana sha, jiki bai sauka ba, sai ma ciwon kai da amai da suka ƙaru. Rana ta huɗu ya fara sambatu, yana kiran 'yarsa da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa, hannunsa na karkarwa har kofin shayi ya gagare shi riƙewa. Aka kwashe shi sai asibiti. Aka ɗebi jini aka duba maleriya, ba a ga komai ba. Duk da haka aka yi masa allurar maleriya mai tsanani, aka haɗa da ta sanƙarau, kuma daidai likita ya yi, domin mutum yana hannun Allah ba a tsayawa jiran tabbas. Kwana tara bai san inda kansa yake ba. Allah Ya tashi kafaɗunsa, amma ƙafar hagu ba ta dawo ba, kuma da ita yake taka keken ɗinki.

Da muka je gaishe shi, kowa da abin da yake faɗi. Wannan ya ce hawan jini ne, wancan ya ce iska ce ta buge shi da magariba, wata tsohuwa ta ja ni gefe ta ce jifa ne. Babban ɗansa ya gaya mini abin da likitan ya faɗa masa ranar sallama, maganar da har yau take mini yawo a rai. Ya ce: "Duk abin da muke da maganinsa mun ba Baba. Sauran abubuwan da ke iya kawo irin wannan, ba mu da yadda za mu auna su a nan."

Waɗannan "sauran abubuwan" nake so mu zanta a kansu yau.

A bakin Bahaushe sauro sauro ne, ciwonsa kuma ɗaya ne, zazzaɓin cizon sauro. Ba laifinmu ba ne, domin kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya 'yan Nijeriya ne. Amma saurayen da ke kwana da mu ba dangi ɗaya ba ne. Mai kawo maleriya shi ne Anofilis. In ya sauka a bango za ku ga ya ɗaga bayansa sama kamar mai goho, kuma ya fi son ruwan da rana ke bugu, irin na kududdufi da sawun taya a hanya. Akwai Edis, baƙi mai ɗigon fari a ƙafa, mai cizo da rana, wanda ke ƙyanƙyasa a tsohuwar taya da gwangwani da randar da ba a rufe ba, shi ke ɗauke da zazzaɓin shawara da dengi. Sai na ukun, wanda ya fi kowanne yawa a cikin gari, mai kukan nan a kunne da ke hana mu barci: Kuleks. Launinsa ruwan ƙasa, yana kwanciya daidai da bango, kuma gidansa ruwa mai ƙazanta ne, kwatar da ta toshe, sokawen da murfinsa ya fashe, masai, lambatun da aka cika da ledar fiya wata. Duk wanda ya bi ta Hayin Banki ko Badarawa ko Tudun Wada ko Rafin Guza a watan Agusta ya san ba mu da ƙarancin irin wannan ruwa. Shi Kuleks ba ya kawo maleriya ko kaɗan. Abin da danginsa ke ɗauka ƙwayoyin bairos ne, wasunsu kuwa suna iya ƙetarawa daga jini su shiga ƙwaƙwalwa da laka su kumbura su.

Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce ta zazzaɓin Yammacin Nilu. An fara gano ta a 1937, a jinin wata mata mai zazzaɓi a lardin Yammacin Nilu na ƙasar Yuganda, daga nan ta samu suna. Asalinta cutar tsuntsaye ce. Sauro ya ciji tsuntsu mai ita, ya kai wa wani tsuntsun, haka take zagayawa. Mutum da doki tsautsayi ne kawai ke faɗawa da su, kuma in ta shiga jikinsu nan ta tsaya, domin ba ta yin yawan da wani sauron zai iya ɗiba ya kai gaba. Saboda haka mai jinya ba ya ɗauka daga majinyaci. Cikin mutum goma da ta shiga jikinsu, kimanin takwas ba za su ma san an yi ba. Biyu za su yi zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, wani lokaci da ƙuraje, su warke da kansu. Kimanin mutum ɗaya cikin 150 ne take taɓa wa ƙwaƙwalwa ko laka, kuma cikin waɗannan kusan ɗaya cikin goma yana rasuwa. Wanda ya tashi, sau da yawa ya tashi da mantuwa, ko karkarwa, ko wata gaɓa ta saki kamar mai shan inna. Ta fi cin tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini da ciwon ƙoda.

Ɗaya cikin 150 kamar ba yawa. To ku lissafa a garin da ya haura mutum miliyan ɗaya, wanda kowane dare sauro ke cizon kowa.

Shekaru da dama ana ɗaukar cutar a matsayin ƙaramin zazzaɓin Afirka da Gabas ta Tsakiya. A 1996 ta ɓarke a Bukares, babban birnin Romaniya, ta kwantar da ɗaruruwan mutane da ciwon ƙwaƙwalwa. Da masu bincike suka bi sawu, sai suka tarar da dama daga cikin waɗanda abin ya shafa suna zaune ne a dogayen gidajen da ruwan ƙazanta ya taru a ƙarƙashinsu, Kuleks yana ta hayayyafa. Ba daji ba, ba ƙauye ba, tsakiyar birni. Sai 1999, a birnin Niyok na Amurka. A watan Agusta wata likita mai suna Deborah Asnis, a wani asibiti da ke unguwar Kwins, ta lura tana da tsofaffi masu zazzaɓi da ruɗewa da mutuwar jiki irin wadda ba ta saba gani ba. Ba ta rubuta abin da ya fi sauƙi ta wuce ba, ta ɗaga waya ta kira hukumar lafiya ta birni. A daidai lokacin wata likitar dabbobi, Tracey McNamara, a gidan zoo na Buronks, tana ta tsintar gawar hankaki, tana yanka su tana ganin ƙwaƙwalwarsu ta lalace. Da farko hukuma ta ba cutar mutanen wani suna daban, kuma ba a saurari likitar dabbobin da wuri ba. Sai da aka haɗa binciken biyu a ƙarshen Satumba aka gane cuta ɗaya ce, baƙuwa, wadda ba a taɓa gani a nahiyar ba. Mutum 62 aka tabbatar a shekarar, bakwai suka rasu. Cikin 'yan shekaru ta ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma, kuma zuwa yanzu ta kashe fiye da mutum 2,000 a can. Tun 2003 ba sa ƙara wa kowa jini sai sun duba shi saboda ita.

Su baƙuwa ce a wajensu, suna ƙirga ta mutum ɗaya-ɗaya. Mu kuwa 'yar gida ce.

Ba zato nake yi ba. Tun 1964 aka kafa ɗakin binciken ƙwayoyin bairos a Jami'ar Ibadan da taimakon Gidauniyar Rockefeller, kuma a shekarun da suka biyo baya masana irin su Oyewale Tomori da Akinyele Fagbami suka riƙa fitar da ƙwayoyin dengi da Zika da Yammacin Nilu daga jinin 'yan Nijeriya masu zazzaɓi. A Maiduguri, Farfesa Marycelin Baba da abokan aikinta sun ɗauki jinin mutanen da suka zo asibiti ana zaton maleriya ce ko taifot, suka buga sakamako a 2013 da ya nuna da yawansu jikinsu ya taɓa gamuwa da waɗannan ƙwayoyi, wasu ma fiye da guda ɗaya. A kudu maso yamma an auna dawaki, aka buga a 2015 cewa an samu alamar Yammacin Nilu a kusan tara cikin goma. Nan gida kuma, masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun auna masu zazzaɓi a wasu asibitocin jihar Kaduna, suka buga a 2020 cewa sun ga alamar Yammacin Nilu a jinin wasunsu. A ƙarshen 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar da ɓarkewar dengi a Sakkwato. A Sudan kuwa, a tsaunukan Nuba, an yi ɓarkewar Yammacin Nilu a 2002 inda yara ne ta fi taɓa wa ƙwaƙwalwa, abin da ya nuna a nahiyarmu ba tsofaffi kaɗai take nema ba.

Sai dai a fahimci irin binciken da aka fi yi a wajenmu. Yawancinsa neman sawu ne. In ƙwayar cuta ta shiga jiki, garkuwar jiki takan ƙera makamin yaƙarta, makamin nan kuma yana zama a jini shekara da shekaru. In an gan shi, an san cutar ta taɓa ratsawa, kamar yadda manomi zai ga sawun kura a gona da safe. Sawu ba zai gaya maka ko ita ce ta ci akuyar da ta ɓata jiya ba. Ga kuma wata matsala: Yammacin Nilu da dengi da Zika da shawara 'yan gida ɗaya ne, sawunsu yana kama da juna, har wanda aka yi wa rigakafin shawara ma yana iya nuna alama a gwaji mai sauƙi. Kafin a bambance sai an yi wani gwaji mai wahala a ɗakin da ake rainon ƙwayar da ranta, irin wanda ake yi a Cibiyar Fasto ta Dakar. Binciken da ke amsa tambayar tela na Unguwar Shanu wani ne daban, shi ne wanda ake yi a bakin gadon majinyaci: mutum ya zo da zazzaɓi da gushewar hankali, a ɗebi jininsa da ruwan lakarsa a kan lokaci, a duba su, a sake ɗibar jini bayan mako biyu ko uku, a bi shi wata shida a ga yadda ya kasance. Irin wannan ne muke da ƙarancinsa.

Akwai ƙasar da ta yi irinsa, kuma ba mai arziki ba ce. A Malawi, a asibitin Sarauniya Elizabet da ke Bulantaya, likitoci ƙarƙashin Terrie Taylor da Malcolm Molyneux sun nemi izinin iyaye suka binciki gawar yaran da aka rubuta cewa maleriyar ƙwaƙwalwa ce ta kashe su. Yaran nan duk sun cika sharuɗɗa: ga doguwar suma, ga ƙwayar maleriya a jini. Sakamakon da suka buga a 2004 ya nuna cikin yara 31, bakwai wani abu ne daban ya kashe su. Dalili kuwa a fili yake. A inda maleriya ta yi katutu, yaro na iya yawo da ƙwayarta a jini lafiyarsa ƙalau, in wani ciwo ya kayar da shi aka yi gwaji sai ita a gani, a ɗora mata laifi. A 2013 wani binciken a asibitin, na Macpherson Mallewa da abokansa, ya duba yara 513 da ake zaton cuta ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, aka samu bairos a kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Yawancin waɗannan ƙwayoyi ba na sauro ba ne, har da na cizon mahaukacin kare a ciki, kuma wannan ma darasi ne, domin sai an duba ake sanin abin da ke akwai. Daga aikin Malawi aka koyi wani abu mai araha: in aka haska cikin idon yaron da ya suma, maleriyar ƙwaƙwalwa ta gaskiya tana barin tabo a bayan ido da likita zai iya gani. In ido ya fita tas, a nemi wani dalili. Mu da muke da Cibiyar Ido ta Ƙasa a hanyar Mando, babu hujjar a ce babu mai koya wa likitocin ɗakin yara wannan dubawa.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne, garin nan ya taɓa zama cibiyar irin wannan aiki. Ku bi ta titin Surame a Unguwar Rimi, za ku ga cibiyar binciken ciwon barci da sammore. An kafa ta a 1947 domin dukkan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila, ta koma ta Nijeriya a 1964. Ciwon barci ma ƙwaro ne ke kawo shi, ƙudan tsando, kuma ƙwaƙwalwa yake ci. A shekarun 1930 ya addabi ƙasar Zazzau har aka tashi ƙauyuka a yankin Anchau, aka sare kurmin bakin rafi, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Ma'aikata suna bin gari-gari suna taɓa wuyan mutane suna neman kaluluwa, suna duba jini, kuma ruwan laka ake ɗiba a san ko cutar ta kai ƙwaƙwalwa kafin a zaɓi magani. An yi wa talakawa tilas a wancan aiki, ba na yaba wannan ɓangare. Amma kakanninmu sun ga an ƙirga cuta, an gano ƙwaron da ke kawo ta, an bi shi har makwancinsa, ciwon ya ja baya. Ilmin ƙwari da kama su da rarrabe su yana nan a gidan har gobe. Daga titin Surame zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko tafiyar 'yan mintoci ce a Keke Napep. Ga asibitin sojoji na 44, ga babban asibitin Kawo, ga na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ga asibitin Shika da tsangayar likitan dabbobi a Zariya, ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato. A lokacin korona an kawo injinan gwajin ƙwayar bairos jihar nan, an horar da matasa a kansu. Injin da ya iya gano korona zai iya gano wasu, sinadarin da ake zuba masa ne ke canzawa.

Me zai hana a ɗauki damina biyu ko uku, daga Yuni zuwa Nuwamba, a ce duk wanda aka kwantar a waɗannan asibitoci da zazzaɓi da gushewar hankali ko jijjiga, bayan an yi masa magani yadda aka saba, a ajiye ɗan jininsa da ruwan lakarsa a firijin da wuta ba ta yanke masa? A duba Yammacin Nilu da dengi da 'yan uwansu, a duba na cizon kare, a duba wadda ake kira hafis, domin ita tana da magani, asaikulobiya, kuma in an makara da shi mutum ya tafi ko ya nakasa. Abin da ya gagara a aika Gaduwa a Abuja, ɗakin gwajin NCDC, ko cibiyar Farfesa Christian Happi a Ede, wadda a 2018 ta karanta jinin wasu majinyata daga jihar Edo da aka rasa gane ciwonsu ta gano shawara ce. A lokaci guda masu ilmin ƙwari su kafa tarkon sauro a unguwannin da majinyatan suka fito.

Sannan a tuna da dawaki. Kaduna garin folo ne, ga dawaki a Dandalin Murtala, ga na hawan Sallah a Zariya da sauran masarautu. Doki yana kamuwa kamar mutum, yakan yi tangaɗi, leɓensa ya riƙa rawa, ƙafafun baya su saki, ya faɗi ya kasa tashi. Bargar da dokinta ya yi haka da damina tana da labarin da likitan mutane yake bukata. Abin mamaki, doki yana da allurar rigakafin wannan cuta a ƙasashen waje, ɗan Adam har yanzu ba shi da ita, ba shi kuma da maganin da ke kashe ƙwayar. Jinya ce kawai: ƙarin ruwa, tsayar da jijjiga, taimakon numfashi, kula da kwanciya.

Wani zai ce, to in babu magani, mene ne amfanin sanin suna? Tambaya ce mai kyau, kuma na ji ta daga bakin ma'aikatan lafiya da kansu. Amfanin farko, iyalin da aka gaya wa gaskiyar ciwo ba za su ƙarar da abin hannunsu wajen karya sammu ba, ba kuma za a zargi kishiya ko maƙwabci ba. Na ga zumuncin da ya lalace a kan irin wannan. Na biyu, likita zai daina loda wa mutum allurai masu tsada da ba sa taɓa ciwonsa, ya mai da hankali ga gashin ƙashi da motsa gaɓa tun da wuri. Babban amfanin kuwa na hukuma ne. Duk yaƙinmu da sauro an tsara shi ne a kan Anofilis: gidan sauro mai magani, da maganin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina. Suna da amfani ƙwarai, gidan sauro yana tare Kuleks ma cikin dare. Amma maganin maleriya ba ya taɓa bairos, kuma gidan sauro ba ya kare dattijon da ke zaune a dakali daga magariba zuwa bayan isha'i, ƙafarsa a bakin kwata. In aka samu adadi a hannu, yashe kwata da gyaran magudana sun tashi daga maganar tsabta sun zama maganar ceton rai, mai kasafin kuɗi ma zai ji da wani kunne. A Asiya, kumburin ƙwaƙwalwa na Japan, ɗan uwan Yammacin Nilu ne, yana kama dubun-dubatar mutane a shekara, yawanci yara a yankunan shinkafa. Saboda an ƙirga shi aka yi masa rigakafi, ƙasar Sin ta ƙera mai araha, Indiya da Nepal suka yi wa miliyoyin yara. Cutar da ba ta cikin lissafi babu kamfanin da zai nemo mata allura.

Yanzu bari in zo kan abin da na san yana ran wasunku tun da na ambaci bincike da ɗibar ruwan baya. Ba mu manta da 1996 ba. Shekarar da sanƙarau ya kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan ya kashe fiye da 11,000, kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a kan yara a Asibitin Zana na Kano. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce bai yi laifi ba, cutar ce ta yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na daga cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, kuma yaranmu ne suka biya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Duk mai binciken da ya zo Kawo ko Rigasa yana ganin tsoron mutane jahilci ne, bai san inda ya zo ba.

Saboda haka sharuɗɗan a bayyane suke, kuma tun 2007 ƙasar nan take da kundin ƙa'idar binciken lafiya da ya tanade su. A yi wa mai majinyaci bayani da Hausa, a zaune, ba a tsaye a baranda ana miƙa masa biro ba. Ya san yana da ikon cewa a'a, kuma a'a ɗinsa ba za ta rage wa ɗan uwansa kulawa ba. Ya san ina za a kai jinin, me za a duba, wa zai gani. Kada a karɓi ko sisi a hannunsa don gwajin bincike. Sannan a dawo masa da sakamako. Wannan na ƙarshen shi aka fi tauye mu a kai: a ɗebi jinin mutane, a buga takarda da Turanci a mujallar da ke wata ƙasa, mai bincike ya samu ƙarin girma, wanda aka ɗebi jininsa bai sake jin ɗuriyar kowa ba. A tara masu unguwa da limamai da ungozomomi a gaya musu abin da aka gani, ko da abin da aka gani shi ne babu komai.

Game da ɗibar ruwan laka kuwa, ina roƙon iyaye da su saurara. Ana yawan cewa ita ke kashe mutum ko ta gurgunta shi. Abin da ke faruwa shi ne, sai ciwo ya yi tsanani ake yin ta, in mai ciwon ya cika sai a tuna da allurar a manta da abin da ya kawo shi. Ana soka allurar ne a ƙasan baya, ƙasa da inda lakar kanta ta ƙare, a ɗebi abin da bai wuce cokali ɗaya ko biyu ba, jiki kuma ya mayar da shi cikin sa'o'i. Akwai halin da likita zai ga bai dace a yi ba, ya ɗaga. Amma ita ce hanyar bambance sanƙarau na bakteriya, mai neman allura cikin gaggawa, da kumburin da bairos ya kawo.

Akwai wata cutar da ya kamata mahautan Zangon Tudun Wada da dillalan dabbobi su san da ita, zazzaɓin Kwarin Rift. Sauro ke yaɗa ta tsakanin tumaki da awaki da shanu da raƙuma, alamarta kuma ɓari ne ya yawaita a garke lokaci guda, 'yan raguna su yi ta mutuwa. Mutum ya fi ɗaukarta ta jini da mahaifar dabbar da ta kamu, ko ɗanyen nono. A 'yan kaɗan takan taɓa ido ko ƙwaƙwalwa, wani lokaci makonni bayan zazzaɓin ya wuce. A 2016 ta ɓarke a jihar Tawa ta Nijar, wajen Cintabaradan, aka lissafa fiye da mutum 300 da ake zato, fiye da 30 suka rasu, yawancinsu makiyaya. Dabbobin wannan yanki su ne ke sauka kasuwanninmu gab da Layya. Wanda ya taɓa ɗan tayin da aka yi ɓarinsa da hannu tsirara, ko ya yanka dabbar da ke ciwo don kada ta yi mushe, in zazzaɓi ya biyo baya ya faɗa wa likita wannan da bakinsa.

Haka ma duk mai kai majinyaci. Zazzaɓin da ya zo da sambatu, ko barcin da ba a iya tashin mutum daga shi, ko sandarewar wuya, ko jijjiga, ko wata gaɓa ta saki, ba na kemis ba ne, kuma ba na jira gari ya waye ba ne. A yi addu'a a mota ana tafiya. In an isa, a gaya wa likita ranar da zazzaɓin ya fara, da magungunan da aka riga aka sha, a tafi da kwalayensu. A faɗa masa in an yi tafiya, in kare ya taɓa cizon mutumin ko da wata uku ne baya, in akwai dabbar da ta mutu ko ta yi ɓari a gidan, in wani a layin ya yi irin ciwon. In gwajin maleriya bai nuna komai ba, a tambaya cikin ladabi: likita, me kuma zai iya zama, kuma akwai inda za a aika jinin? In an sallame ku, ku roƙi a rubuta muku abin da aka gani da abin da aka auna, ku adana takardar.

Telan layinmu yana nan da ransa. 'Ya'yansa sun haɗa kuɗi sun sa wa kekensa mota mai aiki da lantarki, in an kawo wuta yakan yi ɗinki kaɗan. Kwatar ƙofar shagonsa mun yashe ta bana kafin ruwa ya sauka, mu bakwai, ran wata Asabar, muka cika baro goma sha ɗaya da leda da yashi.